Shaddar da ta ƙone a jajibirin Sallah: nazarin wani rikicin ma'aurata a Kano

Gidan da mutanen cikinsa

Ma'auratan da wannan nazari ya shafa suna zaune a ciki da falo a wani gidan haya a Kano, irin gidan nan mai ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya, inda duk maganar da aka ɗaga murya a kanta sai ta shiga kunnen kowa. Shekararsu 6 da aure a lokacin, da 'ya'ya biyu: yarinya 'yar shekara 4 da jariri ɗan wata 7. Mijin yana tsaron shagon shadda da atamfa na wani Alhaji a Kantin Kwari, yana kuma taɓa nasa cinikin a gefe da kayan da yake karɓa bashi, in ya sayar ya biya. Matar tana yin zoɓo da kunun aya na sayarwa, tana zubin adashi da matan unguwa. Na ji labarin daga bakin kowannensu daban, sannan daga dattawa biyun da suka zauna sulhun ƙarshe. Ba zan ambaci suna ko unguwa ba.

Dukansu sun yarda cewa bai taɓa ɗaga hannu ya dake ta ba. Sun kuma yarda cewa mutum ne mai saurin hawa. Gishiri ya yi yawa a miya, ko yarinya ta zubar da shayi, sai ya yi ta faɗa, bayan awa biyu ya shigo da tsire a leda kamar ba a yi komai ba. Kalmar "yi haƙuri" ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba, ita kuma ta saba ɗaukar tsiren a matsayinta.

Shekarar ta zo wa 'yan kasuwar tufafi da wuya. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni aka saki naira, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 zuwa Fabrairun 2024. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na watan Maris 2024 sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 33.2 cikin ɗari, ta abinci kuwa kashi 40. Shadda kaya ce ta shigowa daga waje, farashinta yana bin dala, masu saye kuma sun koma lissafin buhun masara. Bashi ya fara taruwa a kan mijin, matar ba ta san adadinsa ba.

Duk da haka, cikin azumi ya karɓi yadi 10 na shaddar Getzner, ya kai wa tela a yi masa babbar riga da 'yar ciki da wando, da aiki a ƙirji. A ganinsa mai sayar da shadda ba ya zuwa gaisuwar Sallah gidan ubangidansa da tsohuwar riga. Kuɗin yadin da na ɗinkin sun fi abin da yake samu a wata biyu. Da matar ta tambaya, ya bar ta a kan zaton kyautar Sallah ce daga Alhaji.

Daren Talata, 9 ga Afrilu 2024

Azumi ya cika 30 a ranar, Sallah washegari Laraba. Tela bai ba da ɗinkin ba sai bayan Magariba. Mai wanki da guga na bakin layi ya ce kaya sun yi masa yawa, sai dai da safe. Mijin ya ajiye kayan a gida ya ce ta goge in an kawo wuta, ya koma wajen aski.

An kawo wuta wajen ƙarfe 9. Ta shimfiɗa bargo a ƙasan falo, ta gama wando da 'yar ciki, tana tsakiyar babbar rigar aka ɗauke. A cikin duhun jaririn ya farka da kuka saboda zafi, domin a Afrilu Kano kan haura digiri 40 da rana, ɗaki kuma ba ya hucewa da wuri. Ta ce ta ɗauka ta jingine dutsen gugar a tsaye. Ba ta zare shi daga soket ba. Ta goya yaron ta fita tsakar gida, inda miyar Sallah ke kan murhu.

Bayan kamar minti 40 aka dawo da wuta. Dutsen guga na lantarki, in an saita shi a kan auduga, zafinsa kan kai wajen digiri 200, kuma a kwance yake a kan rigar. Maƙwabciya ce ta fara jin ƙauri. Kafin su shiga ya cinye aikin ƙirjin, ya huda gaba da baya saboda rigar a ninke take, ya ci bargon, ya narka ledar ɗaki. 'Yar shekara 4 tana barci a kan tabarma, bai fi taku biyu daga wurin ba. Babu wanda ya ji rauni.

Mijin ya dawo wajen ƙarfe 11. Ta tare shi a bakin ƙofa ta faɗa masa da kanta. Ya yi kusan rubu'in awa yana faɗa, ƙofa a buɗe, mutanen gida duk suna waje suna shan iska. Maganganun da su biyun da maƙwabta suka tabbatar su ne: "Ba ki da hankali." "Ba ki san zafin nema ba." "Ba a koya miki komai a gidanku ba." Ya ɗauki dutsen gugar ya maka shi da bango, ya fashe. Ya rufe da cewa, "Ki tattara ki tafi gidanku." Wata tsohuwa a gidan ta ce masa, "Haba Malam, daren Sallah ne fa." Ya fice ya kwana wajen abokinsa. Bai tambayi inda yaran suke ba lokacin da abin ya faru.

Daga ranar Sallah zuwa kwana 11

Ya je idi da rigar bara. Ba ta tafi gidansu ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba. Tuwon Sallah bai ci ba. Kuɗin cefane yana ajiye su a kan talabijin da safe ya fita. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri a ranar Sallah da kuma bayanta, bai amsa ba. Gaisuwa ma sai dai ya ɗaga kai. Haka aka yi kwana 11.

Yunƙuri na farko: biyan rigar

A mako na uku na Afrilu ta roƙi uwar adashi a ba ta ɗaukarta kafin lokaci, ta haɗa da kuɗin ɗan kunnen gwal da mahaifiyarta ta ba ta lokacin aure, ta kai masa. Da farko ya ƙi, daga baya ya karɓa, yana cewa, "Ai kin san kin yi laifi." Kuɗin ba su kai rabin na rigar ba.

Magana ta dawo tsakaninsu, amma duk lokacin da ta nemi wani abu, ko sabulu ne, sai rigar ta shigo zancen. Jarin zoɓonta ya tafi, sana'ar ta tsaya.

Yunƙuri na biyu: iyaye mata

Mahaifiyarta ta ji labari daga bakin wata 'yar'uwa, ta kira ta a waya: aure ibada ne, kowace mace da irin haƙurin da take yi, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Uwar mijin ta zo gidan da kanta a ƙarshen wata. Ta ce wa surukarta, "'Yar nan, ki dinga kula, kin ga halin da ake ciki." Ɗanta kuma ta ce masa ya sassauta, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Zaman bai wuce rabin awa ba. Babu wanda ya ɗago maganar da ya yi a kan gidansu, babu wanda ya tambaye shi me ya sa riga ɗaya ta kai shi haka.

A makonnin da suka biyo baya matar ta daina taɓa guga gaba ɗaya. Takan tashi cikin dare ta zagaya ta duba soket-soket. Ta ce in ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi, ta shiga dube-duben ko akwai abin da ba ya wurinsa. Yarinyar kuma, wadda da take rugawa ta tari babanta, ta koma laɓewa bayan labule.

A tsakiyar Mayu filas ɗin shayi ya suɓuce mata ya fashe. Ta kwashe fasassun ta ɓoye, da ya tambaya ta ce maƙwabciya ta ara. Bayan kwana biyu ya gani a kwandon shara. Faɗan wannan karon ya fi na farko tsawo, kuma yanzu yana da hujjar ƙarya a hannunsa. Ya ce mata wata rana gidan gaba ɗaya za ta ƙona. Da safe bayan ya fita ta ɗauki yaran ta yi yaji.

Biko da tambayar saki

Bayan mako guda ya aika abokinsa biko da turmin atamfa. Mahaifinta ya mayar da atamfar, ya ce wanda ya ce ba a koya wa 'yarsa komai ba ya zo da ƙafarsa, ya kuma zo da babba daga danginsa.

A nan yayanta ya tayar da abin da kowa ya tsallake: shin kalmar "ki tafi gidanku" ta daren Sallah saki ce? Aka je wurin wani malamin unguwa. Ya bayyana cewa a mazhabar Malikiyya irin wannan lafazi kinaya ne, ana komawa ga niyyar mai faɗa. Mijin ya rantse bai nufi saki ba, aka bar aure a matsayinsa. Malamin ya ƙara masa da cewa da lafazin saki ƙarara ya furta, fushi ba zai cece shi ba, domin sakin mai fushi yana aukuwa matuƙar yana cikin hankalinsa. Mijin ya gaya min cewa a ranar ce ya fara jin tsoron bakinsa.

Zaman farkon Yuni

An zauna a zauren mahaifinta, da baffanta daga ɓangarenta da kawunsa daga nasa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara: mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Kafin a haɗa su, dattawan sun saurari kowa shi kaɗai.

Kawun tsohon ɗan kasuwa ne, shi ya sa tambayarsa ta farko ta kasance ta ciniki: nawa aka sayi yadin, kuma wa ya biya? Mijin ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya faɗi gaskiya. Rigar bashi ce, ba kyauta ba, kuma ƙari ce a kan wani bashin kaya da ya riga ya makara wajen biya. Ya ce da ya ga ramin nan a ƙirjin rigar abin da ya faɗo masa shi ne zai yi watanni yana biyan abin da bai saka ko sau ɗaya ba, ga kunyar zuwa gaban Alhaji. Matar ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba sai a ranar.

Da aka haɗa su, kawun ya ce magana uku ce aka cuɗa wuri ɗaya, za a warware kowace daban.

Rigar tukuna. Matar ta amsa cewa ba ta zare waya ba, kuma ya kamata ta zare. Baffanta bai kare ta a kan haka ba. Amma dattawan biyu sun tsaya a kan cewa aikin gidansa take yi, da umarninsa, cikin duhu, da jariri yana kuka, kuma babu ganganci a ciki. Suka yanke cewa ba ta da biya, kuɗin adashi da na ɗan kunne zai mayar mata kaɗan-kaɗan. Kawun ya kawo hadisin da ke cikin Bukhari na ranar da ɗaya daga matan Annabi (SAW) ta bugi hannun mai hidimar da ya kawo abinci daga ɗakin abokiyar zamanta, akushin ya faɗi ya fashe. Annabi ya tattara fasassun da abincin da hannunsa, ya ce wa waɗanda ke wurin mahaifiyarku ta yi kishi, ya mayar da lafiyayyen akushi a madadin wanda ya fashe. Kawun ya ce wannan da hannu aka buga, a gaban baƙi, amma ba a zagi kowa ba.

Sai maganganun. A nan aka fi daɗewa, kusan awa biyu. Mijin ya ce fushi ne, kowa ya san ba har zuciyarsa ba ne. Baffan ya tambaye shi: kwana 11 da ya yi yana gaba da ita ma fushin minti goma sha biyar ne? Ya tuna masa cewa shari'a ba ta halatta wa Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba, balle matar da suke kwana ɗaki ɗaya. Suka nemi ya janye maganarsa a gaban waɗanda suka ji ta. Ya ƙi, ya ce ba zai tara matan gida ya tozarta kansa ba. Aka sasanta a kan cewa zai ba mahaifinta haƙuri a wurin, zai je ya sami tsohuwar da ta tsawata masa, sannan ranar da matar ta koma zai ce mata ta yi haƙuri a tsakar gida, ba a ɗaki ba, ko da mutum biyu ne a wurin.

Na uku bashin. Kawun ya ɗauki alkawarin raka shi wurin Alhaji a tsara biya wata-wata, ya kuma sa shi ya faɗa wa matarsa adadin a gabansu.

Daga ƙarshe aka gindaya sharuɗɗa na gaba. In ransa ya ɓaci zai fita, ya yi alwala, ba za a tattauna abin ba sai an sallaci salla ɗaya a tsakani. Ba a sa iyaye a faɗa. Ita kuma in wani abu ya lalace za ta faɗa a ranar, ba ɓoyewa. In ɗaya ya karya, ɗayan yana da damar kiran kawu ba tare da an ce ya tona asirin gida ba.

Bayan komawa

Ta koma kusan mako guda kafin Babbar Sallah, wadda aka yi ranar 16 ga Yuni. Ya cika alkawarin tsakar gida, a taƙaice, kansa a ƙasa. Sun sayi sabon dutsen guga, guga ta koma kan tebur da rana, manyan kaya kuma shi yake kai wa mai guga.

A watan Agusta galan ɗin man gyaɗa ya kife a kicin. Ya fara ɗaga murya, sai ya tsaya ya fita, ya dawo bayan Isha'i ya tambaya ko ta zame. A Oktoba ya karya sharaɗi a kan makullin shago da yarinya ta yi wasa da shi ya ɓace: ya yi faɗa sosai, ko da yake bai ambaci iyayenta ba. Ta kira kawu, washegari ya ba ta haƙuri. Zuwa ƙarshen shekara ya gama mayar mata da kuɗinta, ta koma zoɓo. Bashin kasuwa ya ragu, bai ƙare ba. Tashin dare don duba soket ya ɗauki watanni kafin ya bar ta.

Abin da nake gani

Yunƙurin farko da na biyu sun faɗi ne don duk sun ɗauka rigar ce matsalar. Biyan da ta yi ya tabbatar masa cewa fushinsa daidai ne, ya kuma raba ta da 'yar sana'ar da take tsaye a kanta. Nasihar iyaye mata, duk da kyakkyawar niyya, ta ɗora haƙurin gaba ɗaya a kan wadda ta riga ta durƙusa, ta bar wanda ya yi zagi ba a nemi komai daga gare shi ba. Abin da hakan ya haifar shi ne ƙaryar filas. Matar da ta tari mijinta a bakin ƙofa ta gaya masa ta ƙona riga mafi tsada a gidan, bayan wata ɗaya ta koma ɓoye fasasshen filas. Ni a nan nake auna ɓarnar daren Sallah, kuma ta fi ta yadi 10 nisa.

Ta yi sakaci, wannan gaskiya ne, kuma da abin ya zo da ƙarar kwana da yarinyar da ke barci a gefe ce za ta biya. Amma sakacinta na daƙiƙa ne, cikin duhu. Zagin gidansu, da gabar kwana 11, da karɓar kuɗin ɗan kunnen mahaifiyarta alhali ya bar ta tana zaton rigar kyauta ce, duk abubuwa ne da ya yi ido buɗe, wasu ma bayan ya huce. Bashin ya bayyana inda zafin ya fito, bai wanke shi ba, kuma na ji daɗi da dattawan ba su bar shi ya fake da shi ba.

Zaman Yuni ya yi aiki don an saurari kowa shi kaɗai, an sami wanda ya san kasuwa ya yi tambayar da ta dace, aka kuma nemi gyara a wurin da aka yi ɓarna, wato gaban mutane. Ba don mahaifinta ya mayar da atamfar biko ba, da ba a kai ga wannan zama ba.

Akwai abin da nake ganin dattawan sun wuce da sauri: dutsen gugar da ya maka da bango. Sun lissafa shi cikin asarar kaya, alhali jifa da abu a gaban mace da yara tsoratarwa ce, kuma ya cancanci a yi masa magana a kansa shi kaɗai. Dokar hana cin zarafi ta tarayya ta 2015 ta lissafa cin zarafi da baki da tsoratarwa cikin laifuka, ko da yake tana aiki ne a Abuja da jihohin da suka amince da ita. Wannan hanya ta sulhun dangi ta dace da gidan nan ne saboda babu duka, mijin yana jin maganar kawunsa, matar kuma tana da uban da ya tsaya mata. Inda aka rasa waɗannan, ko jifan ya koma kan mutum, bai kamata a tsaya a zaure ba: Hukumar Hisbah ta Kano tana karɓar ƙorafin ma'aurata, kotunan shari'a kuma suna da hurumin raba aure saboda cutarwa.